Ranar da Aka Yi wa Zomanyar Luba Guɗa

Ba zan taɓa mantawa ba da wata safiyar Talata, ko da tsufa ya kwashe min sauran labaran duniya. Har yau in na tuna ta sai na ji kunnuwana sun ɗauki zafi. Amma ina so mai karatu ya riƙe abu ɗaya tun kafin ya fara yi min dariya: a ƙarshen ranar ni na yi nasara, kuma a gaban shaidu.

Gidanmu a Tudun Wada gidan shanu ne. Kakana mahauci ne, Baba kuma dillali ne a kara, mutumin da zai kalli bijimi daga nesa ya faɗa maka abin da ya ci jiya. Ni ma tun tasowata a kara nake, a bayansa. A wajenmu dabbar da ba ta kai a ɗaura mata igiya ba, ba ta shiga lissafin dabbobi. Akuya ma alfarma ake yi mata.

To sai ga shi na auri Luba, ta tare a gidana na Unguwar Rogo da gado da kwanuka da kuma zomanya guda a cikin keji. Fara ce fat, da baƙin zobe kewaye da idanunta, shi ya sa Luba ke kiran ta Kwalli. Ita ce abokiyar hirarta in na tafi kara tun safe. Ni kuwa ban taɓa bari wani daga gidanmu ya san da ita ba. Kejin yana bayan kicin, kuma da na ji sallamar dangi sai in yi wuf in jefa masa tsohuwar tabarma. (Shekara guda cur ina wannan aikin, kamar mai ɓoye kayan sata.)

Da cikin Luba ya tsufa, iyayenta suka zo ɗaukar ta zuwa Kalambaina, tunda haihuwar fari a gida ake yin ta. Gidansu akwai kyanwa biyu, don haka Kwalli ba za ta bi ta ba. Ranar tafiya Luba ta tsayar da ni a gaban kejin, tana dafe da baya, ta jero min ƙa'idoji: busasshiyar harawa da ciyawa kullum, ruwa mai tsabta, ɗan ganyen karas jefi-jefi, shi ke nan.

"Malam, amana ta nib bar maka. Don Allah kak ka yi mata kiwon kara."

Na yi dariya har da buga cinya. Na ce, "Haba Luba! Mutumin da yat turke bijimai, zomo guda ka gagara tai?"

Ta dube ni ta ce, "Awo. Shi na nika tsoro."

Kwana biyu na bi ƙa'ida. A rana ta uku idon dillali ya motsa. Na ɗaga Kwalli, na latsa bayanta, na shafa haƙarƙarinta kamar yadda muke yi wa sa kafin a yi ciniki, na girgiza kai. A ganina dabbar nan a rame take, an daɗe ana zaluntar ta da ciyawa. Na ƙudura a raina cewa kafin Luba ta dawo sai na mayar da ita kamar ragon layya, ta san ɗan gidan wa ta aura. Na dama dusa da ɗan jiƙon kanwa, na zuba mata. Na ƙara da dafaffen wake. Na bi da kabeji rabin ƙulli, na marmasa mata ƙuli-ƙuli a kai don armashi. Ita kuwa baiwar Allah ta yi ta ci, ni ina tsugune ina yaba wa kaina.

Safiyar Talatar nan na leƙa keji na tarar da ita a takure a lungu, ta dunƙule, idanu rabi a rufe. Na miƙa mata ganyen karas, ta kau da kai. Ina jin ƙarar haƙoranta tana tauna su a hankali. Na taɓa cikinta na ji ya ɗaure tamau kamar ganga. Sannan na lura da abin da ya fi tayar min da hankali: ƙasan kejin fes yake. Ni da nake share kashinta kowace safiya ina tsaki, ranar nan na durƙusa ina neman ko ƙwaya ɗaya, babu.

Gaskiya na tsorata. Ba don zomanyar kaɗai ba. Matata na can da ciki haihuwa yau ko gobe, ta bar min abu ɗaya tak a duniya ta ce in kula da shi, ni kuma na ɗura masa wake. Da wane baki zan ce mata Kwalli ta mutu?

Abin da na sani game da kumburin ciki na shanu ne: a ɗura wa sa man gyaɗa, in abin ya ƙi a huda masa kwiɓi iskar ta fita. Har na ɗauko kwalbar man gyaɗa daga kicin. Allah ya taimake ni na tsaya na kira Dakta Umaru, likitan dabbobin da ke duba mana shanu. Da na gaya masa ko wace ce marar lafiyar, sai da ya yi dariya ya ƙoshi, ina ji ina haƙuri. Da na lissafa masa abin da na ba ta kuwa, dariyar ta tsaya.

"Aje man ga, kuma kak ka kuskura ka huda ta. Zomo ba shi amai, ba shi gyatsa, abin da yash shiga sai ta baya shika hita. Ni ina ruga wajen rigakahi, sai la'asar nika dawowa. Tahi kemis yanzu ka sawo maganin kumburin ciki na jarirai, wanda aka ɗigawa a baki."

Ya faɗa min adadin da zan ja a sirinji marar allura, in zuba ta gefen baki a hankali, sau ɗaya kowace awa har sau uku. Ya ce in ɗumama jikinta, in riƙa shafa cikin a hankali, in bar ta ta taka in tana so, in ajiye harawa da ruwa kusa. Ya ce maganin taimako ne kawai, yana fasa kumfar iskar da ta taru, ba ya maye gurbin likita. In cikin ya ƙara girma ko jikinta ya yi sanyi, in ruga da ita asibitin dabbobi, kada in jira shi.

Akwai kemis a bakin layinmu, taku ashirin daga ƙofata. Amma mai shi ya san ni, ya san Baba. Don haka na hau babur na tsallake shi, na tsallake na biyu, na tafi can wajen kasuwa inda na tabbata babu wanda ya san fuskata. (Wayo ke nan. Ku dai biyo ni.)

Na shiga, na sassauta murya na faɗi abin da nake so. Mai kemis ya juya yana dubawa a kanta. Sai na ji murya daga kan benci a bayana.

"Kai! Wa nika gani haka?"

Gwaggo Ige ce, ƙanwar Baba, an naɗe mata hannu ana auna hawan jininta. Duk danginmu babu mai buƙatar rediyo muddin Gwaggo Ige na da rai. Na durƙusa na gaishe ta. Ina cikin gaisuwar mai kemis ya ajiye kwalin a kan tebur, ga hoton jariri ɓul-ɓul a jiki yana dariya. Ya ce, "Kwana nawa da haihuwa? Don in gwada maka yadda za a ba shi."

Idon Gwaggo ya sauka a kan kwalin, ya dawo kaina. Ta ce, "Wa za a ba wanga?"

A nan ne ya kamata in buɗe baki. Kalma ɗaya ce, zomo. Amma na hango ta tana kai labarin gidanmu, na hango 'yan kara suna nuna ni da baki, ɗan Alhaji mai jinyar zomo. Na sunkuyar da kai, na sosa ƙeya, na ƙura wa takalmina ido.

Abin da na manta shi ne, a wajenmu wannan sunkuyawar tana da ma'anarta. Mutumin kirki ba ya maganar ɗansa na fari a gaban manya. Ba ya faɗin sunansa, ba ya ɗaukar sa a gabansu, in an tambaye shi ma sai ya dubi ƙasa. Daidai abin da na yi ke nan, kuma na yi shi da kyau.

Gwaggo ta fizge hannunta daga abin awon. Ta ce wa mai kemis, "Kai ko, ƙaƙa kaka tambayam mutum ɗan hwari? Ba ka ga kunya shika ji ba?" Sannan ta juyo gare ni, fuska rabi murna rabi faɗa. "Ashe Luba ta sauka! Har ɗiya na kumburin ciki ba mu da labari? Mutanen Kalambaina sun kyauta muna!"

Wallahi na so in gyara. Na buɗe baki, ta ɗaga min hannu ta ce in yi shiru, ta san tarbiyyar gidansu, ba sai na ce komai ba. Na karɓi maganin da sirinji na fice kamar an koro ni. A kan babur na ce wa kaina in na gama da Kwalli zan kira ta in warware zancen. Awa ɗaya dai, me zai faru a cikin awa ɗaya?

Na isa gida na tarar da Kwalli yadda na bar ta. Na ja maganin, na riƙe ta a cinya, na zuba ta gefen baki. Ta haɗiye tana hararata. Kunnuwanta sun yi sanyi, don haka na shiga ɗaki neman abin rufa ta. Abin da hannuna ya fara kaiwa gare shi shi ne akwatin kayan jariri da Luba ta tanada. Na zaro sabon tawul mai laushi, ruwan hoda, na cika gora da ruwan ɗumi na naɗe ta tare da Kwalli. Wayata ta fara ruri. Na duba na ga Inna ce, mahaifiyata. Ta katse, wani kiran ya shigo. Na kashe mata murya na cusa ta ƙarƙashin matashi, na ce kowa ya jira.

Na shimfiɗa tabarma a inuwar tsakar gida na zauna, na rungume ta a ƙirji, yatsuna biyu a cikin tawul ina shafa cikinta daga sama zuwa ƙasa. Awa ta cika na ba ta na biyu. Ban san lokacin da na fara jijjiga ta ina 'yar waƙa a maƙogwaro ba. (Wannan ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau.)

A haka sallama ta same ni. Ba sallamar mutum ɗaya ba.

Baba ne a gaba, da babbar rigarsa ta kara, ko gida bai biya ya sauya ba. Inna na bayansa. Gwaggo Ige na gefe tana haki. Bayansu matan layinmu ne, waɗanda suka ga ayari suka biyo, wata da sabulu a leda, wata da turmin atamfa. Daga baya na ji cewa sun yi ta kiran wayata ne ba a ɗauka, Baba ya ce a biyo ta gidana a ɗauke ni, a wuce Kalambaina a ji dalilin da za a haifa masa jika a ɓoye masa. Har ya sa an ware rago a kara.

Gwaggo ta hango ni zaune da ƙunshin tawul ruwan hoda a ƙirji. Ta dafe kai.

"La ilaha illallahu! Har sun kawo ta gida!"

Ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, irin wadda ake ji har bakin titi. Matan layi suka amsa mata. Ni kuwa na daskare. In tashi in gudu, ina? In yi magana, wa zai ji ni a cikin guɗa? Gwaggo ta durƙuso gabana tana kirari, tana cewa a ba ta kishiyarta ta gani, ta sa hannu ta buɗe bakin tawul.

Kunnuwa biyu dogaye suka miƙe tsaye.

Guɗar ta yanke a tsakiya. Gwaggo ta yi baya ta zauna daɓas a ƙasa. Kwalli ta leƙo da baƙaƙen idanunta, ta motsa hanci, ta dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya.

Baba ne ya fara magana, a hankali. "Mi na na wanga?"

Na ce, "Zomo na, Baba."

"Na ga zomo na. Ina jikana?"

"Ba a haihu ba tukuna, Baba."

Wata daga cikin matan ta fashe da dariya, ta toshe baki da mayafi, sauran suka bi. Inna ta juya baya kafaɗunta na rawa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige na ja ta na rufe. Na daure na yi bayani tun daga dusa har kemis, kaina a ƙasa, wannan karon kunyar ta gaske ce.

Baba bai yi dariya ba. Ya tsuguna, ya sa hannu a cikin tawul ya latsa cikin Kwalli da yatsun da suka latsa shanun da ba su ƙirguwa. Ya girgiza kai.

"Wagga ta gama. A yanka ta tun ba ta zama mushe ba."

Ya zaro 'yar wuƙarsa daga aljihu ya buɗe. Ba mugunta ba ce, haka aka yi mana tarbiyya: dabba in ta kama hanya, a riga mutuwa, kada a yi asarar nama. Ni kaina na sha faɗin haka ga masu shanu. Kuma tun da aka haife ni ban taɓa ce wa Baba a'a ba.

Na ji hannuwana sun ƙara matse tawul ɗin. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri. Amanal Luba ta. Likita ya ce sau ukku, na ba ta biyu. A bar ni in cika."

Ya dube ni tsawon lokaci. Can ya jawo turmi ya kifa ya zauna a kai, wuƙar a buɗe a kan gwiwarsa.

"Har kiran azahar," in ji shi.

Ba wadda ta tafi. Matan nan suka gyara zama a gindin bango kamar masu kallon dambe. A gabansu na ja magani na uku, na ɗiga mata. A gabansu na ci gaba da shafa cikin. Gwaggo, da ta farfaɗo, ta koma sharhi: "Ku dubi hannu kamar na ungozoma! Ashe abin da munka haihwa ke nan." Zufa na zuba min har cikin ido, ban ɗago ba. A zuciyata babu addu'ar da ban yi ba, ina roƙon Ubangijin sammai da ƙassai a kan kashin zomo.

Rana ta kusa tsakiya sai na ji wani ɗan ƙugi a ƙarƙashin yatsuna. Cikin ya ɗan saki. Kwalli ta yi miƙa, ta zame daga tawul ta sauka kan tabarma. Ta yi tsalle ɗaya, ta tsaya. Ta yi na biyu. Sannan ta matsa gaba, ta bar wasu 'yan ƙwayoyi uku a bayanta, ƙanana, busassu, baƙaƙe.

Ban san na miƙe ba. Ji na yi kawai muryata ta cika gidan: "Ta yi! Wallahi ta yi kashi! Allahu akbar!"

Na kwashe su a tafin hannu na kai wa Baba har gaban fuskarsa, ni magidanci mai gemu. Matan suka kwanta da dariya. Ban damu ba ko kaɗan, domin a bayana Kwalli ta isa wajen harawa ta ja sili ɗaya tana taunawa. Daɗin da na ji a lokacin ban taɓa jin irinsa ba ko ranar da na sayar da bijimina na farko.

Baba ya dubi tafin hannuna, ya dubi zomanyar, ya ninke wuƙarsa ya mayar aljihu. Ya miƙa hannu ya ɗauki kwalbar maganin, ya juya ta gaba da baya, ya sassauta murya yadda mata ba za su ji ba.

"Wanga abu, shina yi ma maraƙi?"

Bayan sun watse na ciro waya daga ƙarƙashin matashi. Kiran Luba ya fi na kowa yawa. Na kira ta ina shirin shan faɗa.

"Malam, an ce na haihu," ta ce. "Ga mata nan cike da gidanmu da sabulu. Mace ko namiji? Hwaɗa min in san abin da nika ce musu."

Na kwashe komai na gaya mata. Sannan ta ce, "Tana ci?"

"Tana ci."

"Dusa kab ba ta, ko?"

"Da wake."

Na ji ta ja dogon numfashi, sai kuma dariya ta ƙwace mata, tana yi tana cewa wayyo cikina. Da la'asar na kai Kwalli wajen Dakta Umaru, ya duba ta, ya ƙara mata magani, ya wanke ni tas a kan kabeji da ƙuli-ƙuli. Ya kuma ce in gaya wa Baba maraƙi ba zomo ba ne, ya bar kwalbar jarirai inda ya gan ta.

A kara kuwa labari ya riga ni isa. Har yau akwai masu kira na Ungozoma. Amma cikin masu dariyar nan, mutum nawa ne suka ja ni bayan turke suna raɗa, wai zomon yaransu ya daina ci, me ake yi? Nakan sa su maimaita tambayar da ƙarfi kafin in ba su lambar Dakta.

Bayan mako uku Luba ta sauka lafiya, aka samu 'ya mace. Wannan karon na ajiye kunyar ɗan fari a gefe, na kira Gwaggo Ige da kaina na faɗa mata da bakina, dalla-dalla. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ka buɗe tawul ka duba kunnuwan?"

Da Luba ta dawo bayan arba'in, da jaririya a baya, kafin ta shiga ɗaki sai da ta zagaya bayan kicin. Ta tarar da Kwalli tana taunar harawa, ba ta ƙara ƙiba ko kaɗan ba, kejin kuma babu tabarma a kansa. Ta juyo ta ce min, "Sannu da ƙoƙari, Malam." Ni kuwa na tsaya ina murmushi kamar wanda aka naɗa wa rawani.

Abin da na koya guda biyu ne. Na farko, zomo ba ƙaramin sa ba ne. Na biyu, kunya ado ce, amma ba a gaban Gwaggo Ige ba. In ta tambaye ka, buɗe baki ka faɗi gaskiya komai muninta, domin in ka sunkuyar da kai, kafin azahar ta haifa maka ɗa ta tara maka 'yan barka.